Salansar Fijo da Masu Waldar Sabo

Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, abincinmu a kan hanya yake: goro ya hau Arewa, shanu su gangaro Kudu. Da jirgin ƙasa ya ja baya sai muka rungumi mota, musamman Fijo 504, bayan kamfanin ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975.

To amma damshin Kudu ba ya raga wa ƙarfe. Salansar da za ta daɗe a Kano, a nan tsatsa kan cinye ta da wuri. Wajen sauya ta kuwa, sai ƙusoshin da ke riƙe manifol a kan injin su karye, don zafi da tsatsa sun riga sun cije su.

Nan masu waldarmu suka yi suna. Sukan ɗora noti a kan guntun da ya maƙale, su like shi da walda, su jira ya huce, sannan su murɗa da sifana a hankali. In ya ƙi, a huda shi a sake yanka zare. Gaggawa kaɗan, kan injin ya lalace, don na alminiyom ne.

Da tokumbo ta shigo bayan tsarin SAP na 1986, sai muka koma "cire ka sa wani", hannun ya fara ɓacewa.

Ba maganar ƙara ba ce kawai, jama'a. Hayaƙin da ke zurarewa cikin mota yana ɗauke da guba marar wari, mai sa direba gyangyaɗi. Mu tura yaranmu su koya tun dattawan suna raye.