Wasan Sitiyari a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gano Inda Ya Ci

Matasan zango da dama daga Accra, Kumasi da Tamale suna aikin tuƙi a Riyad, kuma cikin aikin da aka fi sa su har da kai baƙi ko ɗauko su daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. An buɗe filin a 1983, yana kamar kilomita 35 arewa da tsakiyar birnin. Hanyar mai faɗi ce, ana gudu sosai. Motar da sitiyarinta ke ɗan wasa a cikin unguwa, a nan take fara yawo tsakanin layi da layi. Abin da za a bayyana a ƙasa ya shafi tsohuwar motar mai gida a Riyad, ya kuma shafi tasi a Nima ko Aboabo.

Mene ne rak?

Rak doguwar sanda ce ta ƙarfe mai haƙora, tana kwance a cikin bututu tsakanin tayoyin gaba. Sandar sitiyari tana ƙarewa da ƙaramar giya da ke cizon waɗannan haƙora. In direba ya juya sitiyari, giyar ta tura rak hagu ko dama. A kowane gefe akwai tayirod na ciki da na waje, su ke kai motsin ga taya. Robar da ke naɗe kamar zugazugi ita ke hana ƙura shiga. Zafin Riyad, wanda kan haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta, yana busar da robar ta tsage, yashi ya shiga ya gauraya da giris, ya riƙa cin ƙarfe.

Alamomi

Mota tana yawo a miƙaƙƙiyar hanya, sai direba ya yi ta gyara hannu. Ana jin ƙwas-ƙwas daga gaba in an hau gargada. Tayoyin gaba suna cinyewa ta gefe ɗaya. Man sitiyari yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Yadda ake dubawa

Na farko, a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyi a miƙe, inji yana aiki in motar mai fawa ce. A motsa sitiyari a hankali har taya ta fara amsawa. Littattafan gyara na motocin Toyota da yawa sun ƙayyade wannan wasa kada ya wuce milimita 30 a bakin sitiyari.

Na biyu, a kashe inji, a ja birkin hannu, a bar makulli inda sitiyari ba zai kulle ba. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa shi hagu da dama, ɗaya kuma ya bi gaɓoɓin da tocila. Tayoyi su kasance a ƙasa, domin nauyin mota shi ke fito da wasan. A fara da gaɓar sandar sitiyari da ke kusa da ƙafar direba. In bututun rak ɗin gaba ɗaya yana zamewa, bushin da ke riƙe shi ne ya mutu. In giya tana juyawa amma tayirod bai motsa nan take ba, cin yana cikin rak.

Na uku, a ɗaga gaba da jak, a tokare da madogara mai ƙarfi. A kama taya ta gefe biyu a girgiza. In ta yi wasa, a dafa tayirod na waje, sannan a matsa robar a ji na ciki. Wasan da ake samu in an kama taya sama da ƙasa, yawanci na boljoyin ne ko boris.

Na huɗu, a duba cikin robar. In akwai mai a ciki, sil ɗin rak ya lalace.

Gyara

Sau da yawa laifin na tayirod ne ko bushin, kuma kuɗinsu bai kai na rak ba. Don haka kada a yarda a sayi rak kafin a bi waɗannan matakai. Haƙoran rak sun fi ci a tsakiya, saboda mota ta fi tafiya a miƙe. Akwai noti da ke matse rak da giya, amma in makanike ya ɗaure shi har wasan tsakiya ya ɓace, sitiyari kan yi tauri a kwana ya ƙi dawowa da kansa. Wannan ya fi wasan haɗari. Mai sayen na hannu, a tashlih na Al-Ha'ir a kudancin Riyad, ko Abossey Okai, ko Suame Magazine, ya juya shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ji ko yana sarƙewa. Bayan kowane canji, a yi alaimen.

Ga direba

Binciken mota na fahas a Saudiyya da na DVLA a Ghana duk suna duba sitiyari, amma kada a jira ranarsu. Tayirod in ya fita, taya ba ta ƙara bin hannu. Direban da ya ga wasa a gaɓa ya ɗauki bidiyo ya tura wa mai motar, ya nemi a gyara kafin tafiyar filin jirgi ta gaba. Allah Ya tsare hanya.