Haƙuri da Dogara ga Allah a Rayuwar Kiristocin Zangon Kumasi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Kiristoci 'yan asalin arewacin Gana suke riƙe bangaskiyarsu a unguwannin Zango na Kumasi, inda Musulunci da harshen Hausa suka zama ginshiƙan zaman jama'a. Ta bi tarihin kafuwar Zango da na shigar mishan ƙasar arewa, ta kuma auna abin da masana suka rubuta game da sababbin ikilisiyoyin Gana. Hujjarta ita ce, jimirin waɗannan Kiristoci ya fi bayyana a cikin tsarin taimakon juna da dabarun zama da maƙwabci, kuma ya sha bamban da wa'azin arziki da ya cika sauran sassan birnin.

Gabatarwa

Idan aka ce wa mutumin Kumasi wane ɗan Zango ne, abu biyu yake ɗauka nan take: Musulmi ne, kuma yana jin Hausa. Ba a banza wannan zato ya samu gindin zama ba. Ƙidayar shekarar 2021 ta nuna kashi 71.3 cikin ɗari na mutanen Gana Kiristoci ne, Musulmi kuwa kashi 19.9, amma a gundumar Asokore Mampong, wadda aka yanka daga Kumasi a 2012 kuma ta ƙunshi Aboabo da Asawase da Sawaba, Musulmi ne ke da rinjaye. Ke nan Bafarafare ko Badagare Kirista da ya kama ɗaki a Aboabo baƙo ne ta fuska biyu. A wajen Tonawa (wato Asante) masu gari shi ɗan arewa ne, ɗan Zango, ko da Lahadi ta haɗa su a kan benci ɗaya. A wajen mutanen Zango kuma shi ne maƙwabcin nan da ba ya fitowa sallah.

Littafin Enid Schildkrout, People of the Zongo (1978), shi ne har yau madogarar masu nazarin wannan al'umma. Schildkrout ta yi aikinta a kan Mosawa, ta nuna yadda 'ya'yan baƙi da aka haifa a Kumasi suke tashi da Hausa a baki da Musulunci a matsayin abin da ya haɗa su da sauran ƙabilu. Bayanin ya yi daidai da mutanen da ta zauna da su. Sai dai ya bar wata tambaya a buɗe: wanda ya ɗauki Hausar ya bar Musuluncin, da me yake tsayawa?

Yadda aka haɗu

Zangon Kumasi na yanzu ɗan zamanin Turawa ne. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa fataken goro na Gwanja, Turawan Ingila suka kama Asantehene Prempeh na ɗaya a 1896, jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, sai hanya ta buɗe wa Hausawa da Yarabawa da Wangarawa da Mosawa. Ikilisiya ma a wannan tsakanin ta kafu a birnin. Fritz Ramseyer na mishan ɗin Basel ya yi zaman kamu a Kumasi da matarsa Rosa daga kama su a 1869 zuwa 1874, ya dawo a 1896, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya ritsa da su a cikin ganuwar Turawa, kuma a tsakiyar sojojin da ake kira Hausa suka samu fita. Cocin Furesbiteriya na Adum sunansa yake ɗauke da shi, kuma akan kawo shi misalin jimiri a wa'azi, ko da yake ba a cika faɗin cewa yana cikin masu goyon bayan Turawa su ci Asante ba. Abin lura a nan shi ne, cocin da ya bari da harshen Twi ya girma, domin mutanen kudu.

Kiristancin ɗan arewa ta wata ƙofa ya shigo. Limaman Katolika da ake kira Fararen Fada sun sauko daga Wagadugu suka zauna Navrongo a 1906, suka buɗe Jirapa a 1929. A 1932, ana cikin fari, ruwa ya sauka a wasu ƙauyukan Dagaaba bayan sun je neman addu'a wajen Fada Remigius McCoy, sai dubban mutane suka shiga koyon addini. Daga cikin yaran wannan zamani aka samu Peter Dery, bishop na farko na Wa a 1960, wanda ya zama kadinal a 2006. 'Yan Assemblies of God kuwa sun fara aiki a Yendi a 1931. Su waɗannan yankuna Turawa sun mai da su rumbun lebura, don haka samarinsu suka riƙa gangarowa gonakin koko da ramukan zinariyar Obuasi da aikin gadi da shara a Kumasi. Wanda ya sauka tasha ba shi da kowa, Zango ake nuna masa.

Akwai wani bambanci da ya kamata a riƙe. Lokacin da gwamnatin Nkrumah ta kori Sarkin Zango Ahmadu Baba da Alhaji Usman Lalemi a 1957, da lokacin da dokar Busia ta 1969 ta fitar da baƙi marasa takarda, Hausawa da Yarabawa da Mosawa ne suka fi jin jiki. Ɗan Bolgatanga ɗan ƙasa ne, ba mai korarsa. Raini ne rabonsa, da aikin da wasu suka ƙi.

Gidan haya

A gidan haya ake gane irin haƙurin da ake magana a kai. Tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya in akwai, ɗakuna a jere kowanne da iyalinsa, mai gida kuma galibi Alhaji ne. Dokar haya ta 1963 ta taƙaita kuɗin da za a karɓa a gaba zuwa wata shida, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema. Wanda ya haɗa wannan kuɗi da kyar ba zai so abin da zai ɓata shi da mai gida ba. Saboda haka matar da ta gaji dafa burkutu, wanda Dagaaba ba sa ganin ya saɓa wa Katolikanci, sai ta nemi wajen sana'arta a gefen gari. Naman alade ba ya shiga tukunyar tsakar gida. Idan Kirsimeti ta zo, maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka kaza ko akuya domin kowa ya iya sa hannu a kwano, kamar yadda ranar Babbar Sallah yaro zai kawo nama har ƙofar ɗaki ya ce, "Baba ya ce a kawo muku."

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan lallaɓawa ce ta marar ƙarfi, kuma da gaskiyarsa, domin mai haya ne ke sassautawa fiye da mai gida. Amma su masu abin ba haka suke karanta shi ba. A koyarwar da suke ji a coci, kauce wa abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe aikin bangaskiya ne, kuma labarin Yusufu a Masar da na Daniyel a Babila, mutanen da suka riƙe Allahnsu a gidan wasu, suna da farin jini a wa'azin baƙi saboda dalilin da ba ya bukatar bayani. Abin da ke sauƙaƙa zaman shi ne, jaje da ta'aziyya da baki ɗaya ake yin su. Wanda aka yi wa sata, "Allah ya mayar da alheri" zai ji daga kowane ɗaki, wanda ya yi rashi, "sai haƙuri." Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fita cikakke a 1932, ya sa Kirista mai jin Hausa bai taɓa rasa abin da zai amsa da shi ba.

Gawa da littafin gudummawa

Inda jimirin ya fi tsada shi ne mutuwa. Musulmin Zango yakan rasu da safe a kai shi makwanci kafin la'asar. Bafarafare ko Badagare kuwa, in dattijo ne, danginsa za su so a kai shi gida, kuma daga Kumasi zuwa Bolgatanga ya haura kilomita 500. Gawa za ta kwanta a ɗakin ajiya na asibitin Komfo Anokye ko wani makamancinsa, kuɗi na hawa kullum, ana jiran a haɗa na akwati da na mota da na abincin masu rakiya. A nan ƙungiyar 'yan gari ɗaya da zumuntar coci suke zama abu guda. Bayan sujada ranar Lahadi ba a watsewa. Ma'aji zai buɗe littafi mai layi-layi, a kira suna, kowa ya ajiye abin da aka yanka masa. Mai gadi da ya kwana bakin shago, da mai wankin kwanuka a gidan abinci, da yarinyar da ta yini da kwano a ka tana dakon kaya a kasuwar Kejetia. Wanda bai samu ba a rubuta masa bashi, ba a tozarta shi, amma kuma ba a mantawa.

A ganin wannan maƙala, littafin nan ya fi kowane wa'azi bayyana abin da dogara ga Allah take nufi a wajensu. Mutum yana ba da kuɗin da ba shi da tabbacin samun madadinsu gobe, bisa amincewar cewa ranar da tasa ta zo ba za a bar shi a hannun hukuma ba. Tsarin adashi ne, amma an ɗora shi a kan alkawarin da aka yi a gaban Ubangiji, shi ya sa saɓa shi ya fi cin bashi nauyi.

Manyan ikilisiyoyi sun daɗe kafin su gane haka. Sai a ƙarshen shekarun 1980 cocin Furesbiteriya ya kafa shiri na musamman domin 'yan arewa mazauna biranen kudu, wanda ya ba su damar yin sujada da Frafra da Kusaal da Kasem da Buli. Dalilin a fili yake: mutum na iya zama dattijon coci a ƙauyensu, ya zo Kumasi ya koma bencin baya saboda ba ya jin Twi sosai kuma rigarsa ɗaya ce.

Wa'azi iri biyu

Kumasi gari ne na annabawa da lasifika. Paul Gifford, a Ghana's New Christianity (2004), ya bayyana sababbin ikilisiyoyi a matsayin masu wa'azin nasara da arziki da buɗi. Kwabena Asamoah-Gyadu, a African Charismatics (2005), ya fi tausasa musu, yana ganin suna amsa bukatar mutane ta waraka da kuɓuta. A irin wannan wa'azi talauci alama ce ta wani ƙulli da ya kamata a kwance, jira kuma kusan gazawa ne. Kiristan Zango yana jin wannan a rediyo da cikin mota, wani lokaci ma yakan hau Dutsen Atwea ya kwana addu'a tare da dubban masu neman biza da haihuwa da ciniki. Amma idan ya dawo gida, cikin mutanen da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse yake kwana.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada duka biyun. A 2019 Babban Bankin Gana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da lamuni 347, kuɗin masu ƙaramin ƙarfi suka maƙale. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. A Maris na 2023 wuta ta ci wani sashe na sabuwar kasuwar Kejetia. Wa'azin buɗi ba shi da abin faɗa wa wadda ta ba da zakka da baiko yadda aka ce, kuma ta wayi gari jarinta ya zama toka, in ban da a ce mata akwai maƙiyi a dangi. Littafin Ayuba da Zabura, waɗanda suka bar mai bi ya yi kuka ba tare da an ce bangaskiyarsa ta gaza ba, sun fi amfanar ta, kuma sun fi kusa da abin da maƙwabciyarta Musulma za ta gaya mata a bakin famfo.

Ba a nan yabo zai tsaya babu ƙorafi ba. Haƙuri yakan zama mafakar masu mulki. Rafin Aboabo da shara ta toshe yana ambaliya da damina, kuma ba ƙaddara ce ta toshe shi ba. Gwamnati ta kafa Asusun Raya Zango a 2017, amma muryar da ke isa wajen hukuma ta sarakunan ƙabilu ce da limamai, ƙananan ikilisiyoyin da ke taro a ajin makaranta ko ƙarƙashin rumfar kwano ba su cika samun kujera ba. Shi ma zaman lafiyar yana da iyaka. Ziyarar da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ta 2019 ta burge duniya, amma a tsakiyar shekarun 1990 wa'azin titi mai taɓa Alƙur'ani ya jawo tarzoma a Kumasi, kuma har yau wanda aka haifa Kirista daban yake da wanda ya bar Musulunci. Na farko maƙwabci ne. Na biyu yakan rasa ɗaki da jari da matar aure, sau da yawa sai ya bar unguwar.

Sauyin da ya fi girma yana zuwa ne ta hanyar 'ya'ya. Yaron da aka haifa a Sawaba yana wasa da Hausa, yana ciniki da Twi, yana karatu da Turanci, harshen kakanninsa kuma gaisuwa kawai ya sani. Wasu aure da abota suna kai su Musulunci, kamar yadda Schildkrout ta gani a wajen Mosawa. Wasu suna komawa manyan cocin Fentikos na cikin gari, inda ba mai tambayar garinsu. Ikilisiyoyin harshen gida suna ci gaba da cika ne saboda motocin Bolgatanga da Wa ba su daina sauke sababbin baƙi ba, kuma yawancin sunayen da ke shiga littafin ma'aji a yau na waɗanda aka haifa a arewa ne.