Mawaƙan Haikalin Urushalima da Yadda Karin Waƙarsu Ya Ɓace

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san cewa ba ma yin taron zumunta, ko godiyar kaka, ko jana'izar dattijo, sai da waƙa. To, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su duba yadda mutanen Littafi Mai Tsarki suka riƙi wannan al'amari. A wurinsu waƙar yabon Allah aiki ce mai tsari, tana da shugabanni, tana da gado, kuma jama'a ce ke ciyar da masu yinta. Wannan tarihi ne muke so mu ɗan bi sawunsa a mujallarmu ta bana, domin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Tun kafin a gina Haikali akwai waƙa. Littafin Fitowa ya nuna cewa bayan Isra'ilawa sun haye teku, Maryamu 'yar'uwar Haruna ce ta ɗauki bandiri, mata suka bi ta da rawa. Daga baya aka umarci Musa ya sa a ƙera kakaki biyu na azurfa, waɗanda firistoci ne kaɗai ke busa su, don tara jama'a, da tashin zango, da ranakun idi. Mu da muka san cewa ba kowa ake busa wa kakaki ba, wannan ba zai ba mu mamaki ba.

Wanda ya mai da waƙa hukuma shi ne Sarki Dawuda, wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, mutumin da Kirista da Musulmin garinmu duka suka sani da Zabura. Shi kansa makaɗi ne tun yana kiwon tumaki, kuma kiɗan molonsa ne ya fara kai shi fadar Sarki Saul. Ranar da aka shigo da Akwatin Alkawari Urushalima ya yi rawa a gaban talakawansa har matarsa Mikal ta raina shi. Ashe dai gardamar ko rawa ta dace da babban mutum a wurin sujada ba a kanmu aka fara ta ba.

Littafin Tarihi na fari ya ba da lissafi dalla-dalla. Daga cikin Lawiyawa 38,000, an keɓe 4,000 domin yabo da kayan kiɗa. Gwanayen da aka horar su 288 ne, aka raba su ƙungiya 24, kowace da mutum 12, a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. Abin da ya fi burge mu shi ne yadda aka raba aikin: ƙuri'a aka jefa, malami da almajiri, babba da yaro, duk aka sa su a ma'auni ɗaya, don kada wani gida ya ce an fifita wani. Sana'ar gado ce, kamar yadda muka san gidajen makaɗan fada. Heman kaɗai yana da 'ya'ya maza 14 da mata 3. An kuma ba shugabannin mawaƙa ɗakuna a harabar Haikali, aka ɗauke musu sauran hidimomi, domin aikinsu dare da rana ne. Kayan aikinsu molo ne, da garaya, da kuge na tagulla wanda Asaf ke kaɗawa. Ranar da Sulemanu ya buɗe Haikali, firistoci 120 ne suka busa kakaki tare da mawaƙan.

Duk wannan ya rushe a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, sa'ad da Babila ta ƙone Haikali ta kwashe mutane bauta. Da aka ba su izinin komowa, Littafin Ezra ya ƙidaya jama'a 42,360, amma mawaƙa zuriyar Asaf 128 ne kawai a cikinsu. A kwatanta wannan da 4,000 na zamanin Dawuda. Duk da haka sun sake kafa aikin, har Nehemiya ya jera ƙungiyar mawaƙa biyu a kan garun birni ranar keɓe shi, ɗaya ta bi dama, ɗaya ta bi hagu, suka haɗu a Haikali. To sai dai Nehemiya ya koma wurin sarkin Farisa na ɗan lokaci, da ya dawo ya tarar da Lawiyawa da mawaƙa sun watse, kowa ya koma gonarsa, saboda jama'a ta daina kawo musu rabonsu. Ba takobi ba ne ya kore su a wannan karo, yunwa ce. Sai da ya tsawata wa shugabanni, ya naɗa amintattu a kan rumbuna, kafin waƙa ta dawo.

Ƙarshen hukumar ya zo a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da rundunar Roma a ƙarƙashin Titus ta rushe Haikali na biyu. A birnin Roma har yau akwai wata babbar ƙofa da aka gina don tunawa da wannan nasara, kuma a jikinta an sassaƙa sojoji ɗauke da ganima, har da kakakin Haikali. Majami'un Yahudawa suka ci gaba da rera waƙa da baki kawai, ban da ƙahon rago da ake busawa a wasu ranaku. Zabura 150 sun iso gare mu da kalmominsu, domin an rubuta su. Karin da ake rera su da shi kuwa ya tafi tare da masu shi. A kan wasu Zabura akwai umarni ga shugaban mawaƙa cewa a bi karin wata sananniyar waƙa, har da sunanta, amma yau babu mai iya rera ta. Kalmar nan Sela ta fito sau 71 a cikin Zabura, kuma masana har yanzu suna muhawara a kan ma'anarta.

Ikkilisiyar farko ta gaji kalmomin ta ci gaba da rerawa, kamar yadda Bulus da Sila suka yi da tsakar dare a kurkukun Filibi. Da bishara ta iso ƙasarmu a farkon ƙarni na 20, 'yan mishan sun zo da karin waƙoƙin ƙasarsu suka sa musu kalmomin Hausa, kuma da yawansu ba su yarda da ganga a ɗakin sujada ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, iyayenmu suka karanta labarin Maryamu da na Dawuda da idonsu. Matan zumunta ne suka fi kowa ƙoƙari wajen shigo da tulu da kacau-kacau da waƙar amshi cikin sujada, suka tsara waƙoƙi da Hausa da kuma harshen gida.

Waƙoƙin da ke cikin littafi suna nan, ba mu jin tsoro a kansu. Na iyayenmu mata ne ke cikin haɗari, domin yawancinsu a ka suke, kuma duk shekara muna binne masu su. Muna tara kuɗi mu sayi lasifika da janareta, amma ba mu taɓa ware ko kwabo don adana muryar tsohuwa ɗaya ba. Muna roƙon kwamitin al'adu na ƙungiyarmu ya sa wannan cikin kasafin baɗi, kowace unguwa ta kawo sunayen dattawan da suka san waƙoƙin kafin taron Disamba, samarinmu kuma su bi su gida-gida da wayar hannu, su ɗauki karin, su rubuta kalmomin, tare da sunan wadda ta tsara kowace waƙa.