Dafa dutse: yadda kuɗin gwamnati ya raini binciken idrojen da batirin tangaran

Daga 2009 zuwa 2023 an sayar da wani akwati mai suna Ene-Farm har guda 500,000 a ƙasar Japan. Ana girke shi a jikin bangon gida ta waje, yana shan gas, yana ba iyali wutar lantarki da ruwan zafi, ba ƙara ba hayaƙi irin na gurup ɗin da muka sani. Ilimin da ke cikin akwatin ya yi shekara 170 a duniya kafin ya shiga kasuwa. A mafi yawan wannan lokaci babu ɗan kasuwar da zai iya cin riba da shi, kuma tun daga tsakiyar ƙarni na 20 gwamnatoci ne suka riƙa ɗaukar babban nauyin binciken da kuɗin haraji. Tarihin ya shafi malamai da iyaye, domin yana nuna tsawon lokacin da ilimin kimiyya kan ɗauka kafin ya biya wanda ya kashe masa kuɗi.

Na'urar dangin pil ce, sai dai pil kan ƙare a jefar, ita kuwa muddin ana ba ta idrojen da iska tana ci gaba da fitar da wuta. Nau'in da za mu kira batirin tangaran yana da wani siririn faifai na tangaran a tsakiya. Idan faifan ya yi zafin digiri 600 zuwa 1000, oksijen ɗin da ke cikin iska sai ya ratsa shi ya haɗu da idrojen a ɗaya gefen. Wannan haɗuwa ce ke samar da lantarki da zafi da tururin ruwa, ba tare da harshen wuta ba. Batirin tangaran mai kyau kan mai da kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin gas zuwa lantarki, alhali ƙaramin gurup ba ya kai rabin haka. Idan aka juya aikin, aka ba shi tururi da lantarki, sai ya raba ruwa ya fitar da idrojen.

A 1839 wani lauya a Birtaniya, William Grove, ya nuna cewa haɗa idrojen da oksijen kan ba da lantarki. A ƙarshen shekarun 1890 masanin Jamus Walther Nernst ya gano wani tangaran da ke barin lantarki ya ratsa shi idan ya yi zafi ƙwarai, har ya ƙera fitila da shi. A 1937 Emil Baur da Preis suka gwada batirin tangaran a birnin Zurik na ƙasar Suwis, a zafin kusan digiri 1000. Daga nan abin ya tsaya a ɗakunan gwaji. Kwal da fetur suna da arha, injuna na aiki, kuma zafin da batirin ke buƙata yana tsattsaga kayan da aka haɗa shi da su.

Wanda ya fara fitar da wannan fasaha daga ɗakin gwaji shi ne injiniyan Ingila Francis Bacon, wanda ya soma aiki a 1932 a kan wani nau'in da ba na tangaran ba. Bayan wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai tallafa wa ƙirƙira ta shigo da kuɗi, ya nuna na'urarsa a bainar jama'a a 1959, shekara 27 da farawa. Babban mai sayen farko ma gwamnati ce. Hukumar NASA ta Amurka ta sa irin batirin Bacon a kumbon Apollo da ya kai mutane duniyar wata a 1969, kuma ruwan da batirin ke fitarwa shi ƴan sama jannatin ke sha.

Batirin tangaran kuwa kamfanin Westinghouse na Amurka ne ya riƙe shi tun farkon shekarun 1960. Rikicin man fetur na 1973, lokacin da farashi ya ninka kusan sau huɗu, ya firgita ƙasashe masu masana'antu. Amurka ta kafa ma'aikatar makamashi a 1977, ita kuma ta daɗe tana tallafa wa wannan aiki. A ƙarshen shekarun 1990 aka girke wata na'urar Westinghouse mai kilowat 100 a garin Westervoort na ƙasar Holan, ta yi aiki sama da awa 16,000. Na'urar ta yi aiki, amma ta yi tsada. Shi ya sa a 1999 ma'aikatar ta kafa shirin SECA, wanda ya haɗa kamfanoni da jami'o'i da ɗakunan binciken gwamnati, da burin sauko da farashi zuwa dala 400 kowane kilowat. Kamfanin Siemens, wanda ya saye wannan sashe na Westinghouse a 1998, daga baya ya bar harkar baki ɗaya. Wannan hujja ce ga masu cewa gwamnati na zuba kuɗi a rijiya, kuma ba za a ce ba su da gaskiya ko kaɗan ba.

Sai dai ribar takan fito ta inda ba a zata ba. K. R. Sridhar, malami a jami'ar Arizona, ya yi wa NASA aikin wata na'urar tangaran da za ta samar da oksijen a duniyar Mars. Da aka soke tafiyar, sai ya juya fasahar, ya kafa kamfani a 2001, wanda yanzu ake kira Bloom Energy, mai sayar da batirin tangaran ga manyan kamfanoni da asibitoci. Tunanin farko ma bai mutu ba: a Afrilun 2021 wata ƙaramar na'ura mai suna MOXIE ta fitar da oksijen daga iskar Mars da irin wannan tangaran.

Matsalar Amurka ita ce kuɗin yana bin iskar siyasa. A 2003 shugaba George W. Bush ya yi alƙawarin dala miliyar 1.2 don binciken idrojen. A 2009 sabuwar gwamnati ta nemi rage tallafin motocin idrojen, majalisa ta mayar da wani kaso. A 2021 aka kafa dokar da ta ware dala miliyar 9.5 ga idrojen, aka kuma sa burin kilo ɗaya ya koma dala ɗaya cikin shekara goma. A 2023 aka zaɓi cibiyoyi bakwai, a 2025 wata gwamnatin ta soke tallafin biyu daga cikinsu. Duk lokacin da kuɗi ya yanke, masu bincike kan watse, kuma sake tara su kan ɗauki shekaru.

Japan, wadda ke sayo kusan duk manta daga waje, ta bi wata hanya. Ta buɗe shirin Sunshine a 1974, shirin Moonlight a 1978, ta kafa hukumar NEDO a 1980 don ta riƙa raba kuɗin bincike tsakanin jami'o'i da kamfanoni. Daga 2005 zuwa 2008 aka gwada na'urorin a gidaje sama da 3,000. Da aka fara sayar da Ene-Farm a 2009, gwamnati na biya wa mai saye har yen miliyan 1.4, tana rage tallafin a hankali yayin da farashi ke sauka. Nau'in tangaran ya shiga kasuwa a 2011. Shekara 35 ke nan daga shirin farko zuwa akwatin farko, firaministoci na sauyawa, aikin bai tsaya ba. Duk da haka Japan ba ta kai adadin na'ura miliyan 1.4 da ta yi buri a 2020 ba, kuma gas ɗin da akwatin ke sha har yau daga waje yake zuwa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma sai an yi ta ƙara itace.

Idrojen kansa ba sabon kaya ba ne. Duniya na samar da sama da tan miliyan 90 a shekara, akasari daga gas da kwal, don tace fetur da yin takin zamani irin ure da manoma ke saye. Wanda ake samu ta raba ruwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, domin kowane kilo na cin ruwa mai tsabta aƙalla lita 9 da lantarki kusan kilowat-awa 50. Ƙasar da lantarkinta bai ishe ta ba, ba nan za ta fara ba.

Nijar ta taɓa shiga irin wannan tafiya ta fuskar rana. A 1965 gwamnati ta kafa ofishin ONERSOL, kuma Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagorance shi daga 1969. An ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhunan rana a Yamai tun kafin duniya ta damu da zancen. A Agustan 2023, da aka yanke layin Najeriya wanda a lokacin yake kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, kowa ya ga muhimmancin abin da ya hango.

Abin da ke hannunmu yau shi ne aji. Gwajin Grove juyin darasin raba ruwa ne da ake koyarwa a kwaleji, kuma malami na iya nuna shi da pil mai volt 9, da bakin fensir biyu, da ruwan da aka jiƙa ɗan kanwa a ciki. Ƴara za su ga kumfa na tashi, gefe ɗaya ya fi yawa, wannan shi ne idrojen. Iyaye kuma, idan ɗa ko ɗiya ta zaɓi fannin kimiyya a lise, kada a tambaye ta ribar shekara mai zuwa. Idan an zo zancen kasafin kuɗin ƙasa, mu tambayi nawa aka ware wa ɗakunan gwajin makarantu da binciken jami'o'inmu, mu kuma tambaya ko za a sake ware shi baɗi.