Tallafin Kuɗi ga Iyalai Masu Ƙaramin Ƙarfi

Wannan shiri ne da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, domin bai wa gidaje mafiya talauci naira 5,000 a wata. Kuɗin sun fito ne daga rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya, da dala miliyan 322 na dukiyar Abacha da Suwizalan ta maido.

Bisa tsarin shirin, a ƙaramar hukuma irin Wudil mutanen gari ne ke zama su ware gidajen da suka fi buƙata, sannan a shigar da su rajistar ƙasa. Galibi uwar gida ce ke karɓa, don ita ta san abin da yara suka ci.

A 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da biyan naira 25,000 a wata, tsawon wata uku, ga gidaje miliyan 15. Adadin ya ƙaru, amma duk wanda ya auni kwanon gero a kasuwar Wudil bayan cire tallafin fetur ya san tsada ta lashe ƙarin. Shi kuwa almajiri, da yake gidaje ake ƙirgawa, da wuya rajistar ta gan shi.