Asalin Doguwar Safar Mata

Safa tsohuwar aba ce. A Masar an tono waɗansu jajaye na ulu da aka yi fiye da shekara 1,500, an raba wurin babban yatsa daban domin igiyar takalmi ta sami hanya. Amma doguwar nan ta mata, mai shara-shara, wadda ake sawa kamar wando tun daga yatsu har ƙugu, jiya-jiya ta zo.

A Turai ta da, maza ne ke ado da doguwar safa, domin rigunansu gajeru ne, kowa na ganin ƙwaurinsu. Ta mata kuwa tana ɓoye ƙarƙashin doguwar riga, iyakarta gwiwa, a ɗaure ta da ƙyalle kada ta zame. Yawanci ma daga yadi ake yanko ta a ɗinka, shi ya sa ba ta kama ƙafa sosai. Wajen 1560 aka ba Sarauniya Elizabet ta Ɗaya ta Ingila kyautar safar alharini saƙar hannu. An ce tun daga ranar ba ta ƙara sa ta yadi ba.

A zamaninta ne, a 1589, wani malamin coci mai suna William Lee, mutumin ƙauyen Calverton kusa da Nottingham, ya ƙera injin saƙa safa. Ya nemi sarauniya ta ba shi takardar mallakar ƙirarsa, ta hana, wai tana tsoron kada talakawa masu saƙar hannu su rasa abinci. Lee ya kwashe injinansa ya koma Rouen ta Faransa, a ƙasar ya mutu bai ci moriyar wahalarsa ba. Ɗan'uwansa ne ya komo da sana'ar Ingila. Ashe tsoron sarauniya ba na banza ba ne: a 1811 masaƙan Nottingham suka riƙa bin dare suna farfasa injina saboda an karya musu kuɗin aiki.

Duk da inji, alharini na masu hali ne. Mace talaka sai auduga ko ulu, ba ta kuma damu ba, tunda ba mai gani. Da matan Turai da Amurka suka fara rage tsawon siket bayan 1920, sai ƙwauri ya fito fili, kowace tana son mai sheƙi.

Nan ne kamfanin DuPont na Amurka ya shigo. A 1935 wani masaninsa, Wallace Carothers, ya haɗa zaren nailan daga sinadarai, ba tsutsar alharini, ba tunkiya, ba gona. Ya rasu a 1937, bai ga abin da zarensa ya zama ba. Ran 15 ga Mayu, 1940, aka fitar da safar nailan a kantunan Amurka baki ɗaya, kafin shekara ta zagayo an sayar da miliyan 64 in an ƙirga ta biyu-biyu, dama da hagu. Ana cikin haka Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, aka karkatar da nailan wajen yin laimar dirowa daga jirgi da igiyoyi da tayoyi, safa ta yi wuyar samu. To, ka ji abin dariya: safar wancan lokaci tana da ɗinki a baya, sai mata suka riƙa shafa wa ƙafa kwalliya, su ja layi da jagira tun daga diddige har bayan gwiwa, don a zaci safa suka sa. Da aka gama yaƙi, a garin Pittsburgh mata wajen 40,000 suka yi layi a kan safar da ba za ta ishi ko rabinsu ba, har da cacar baki da ture-ture.

Har lokacin kowace ƙafa da tata, ana maƙale su da maɗauri daga ƙugu. A 1959 Allen Gant na masaƙar Glen Raven a Karolina ta Arewa ya haɗe su da ɗan kamfai suka zama riga ɗaya. Ba ta karɓu nan da nan ba, sai da yayin guntun siket na su Mary Quant, mai tsara tufafi, ya kama Landan bayan 1960, maɗauri ya rasa wurin ɓuya. Zaren Lycra mai miƙewa ya ƙara sa ta lafe a jiki.

Yau akwai mai raga-raga, akwai ta ulu don sanyi, akwai marar tafin ƙafa, akwai kuma mai matsewa da likitoci ke ba masu kumburin jijiyoyin ƙafa. Garin Datang na Sin shi ne babbar masaƙar safa ta duniya. Mu nan kuwa al'amarin ya juya: abin da Baturiya ta sa don a ga ƙafa, mata masu hijabi da niƙabi baƙarta suke nema don rufe ta.

Mai saye ta duba lambar deniya a jikin kwali, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a ma'aunin giram. Ƙasa da 20 shara-shara ce, farce kaɗan ya taɓa ta sai ta zare. In sutura ko maganin hunturu kike so, nemi 60 zuwa sama.