Dajin da Ya Rage a Tsibirin Moris

A cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai wani tsibiri da ake kira Moris. Matafiyin da ya sauka can zai ga gonakin rake ko'ina. Amma in ya nufi kudu maso yamma, hanya za ta hau da shi tuddai, sai ya iske kurmi mai duhu da kwazazzabai masu zurfi. Wannan shi ne gandun dajin Kwazazzaban Baƙin Kogi, wanda mutanen wurin ke kira Gorges de la Rivière Noire. Girmansa murabba'in kilomita 67 ne da 'yan kai. Mai ziyara yakan yi tsammani haka wurin yake tun fil azal, alhali kuwa saura ne kawai na dajin da ya taɓa rufe tsibirin dukansa.

Sa'ad da jiragen mutanen Holan suka iso a 1598, ba su tarar da kowa zaune a tsibirin ba. Abin da suka tarar shi ne itatuwa, manyan kunkuru, da tsuntsayen da ba su san tsoron mutum ba. A cikinsu akwai wani ƙaton tsuntsu, dangin tantabara, wanda ba ya iya tashi. Turawa suka sa masa suna dodo. Kada mai karatu ya ɗauka dodon tatsuniya ne, gama wannan ko kansa bai iya karewa ba. A 1638 mutanen Holan suka kafa zama, suka shiga saran wani itace mai baƙar zuciya, ɗan'uwan kanyarmu, wanda ke da tsada ƙwarai a Turai. Suka shigo da rake da barewa daga Jawa. Ɓeraye da aladu da birai kuwa, waɗanda jirage suka kawo, suka yaɗu cikin daji suna cinye ƙwai. Ganin dodo na ƙarshe da masana suka fi yarda da shi ya faru ne a 1662, watau shekara 64 kacal bayan zuwan jiragen nan.

Mutanen Holan suka bar tsibirin a 1710, Faransawa suka karɓe shi a 1715. Su ne suka yawaita kawo bayi daga Madagaska da gabashin Afirka don su sare daji, su yi noma. Bayin da suka gudu daga hannun iyayengijinsu sukan ɓuya cikin kurmi da duwatsun kudu maso yamma, inda masu farautarsu ke shan wuyar shiga. Turawan Ingila suka ci tsibirin da yaƙi a 1810. Da aka hana bauta a 1835, sai suka yi ta ɗauko 'yan ƙodago daga Indiya, gonakin rake kuma suka ci gaba da cin daji. Yau abin da ya rage na asalin kurmin bai wuce kashi biyu cikin ɗari ba. Yawancinsa ya tsira ne domin yana kan gangaren da garma ba ta iya hawa.

Moris ta sami 'yancin kai a 1968, amma tsuntsayenta na ta ƙarewa. Akwai wani ɗan shaho da ba a samunsa ko'ina a duniya sai can. Ƙarancin daji da maganin sauro na DDT suka rage shi, har a 1974 guda huɗu kaɗai aka sani a daji. Waɗansu masana suka ce a bar shi, aikin banza ne. A 1979 wani saurayi masanin tsuntsaye daga ƙasar Wales, mai suna Carl Jones, ya zo ya ƙi wannan shawara. Shi da abokan aikinsa sukan ɗauke ƙwan farko daga sheƙa domin uwar ta sake yin wani. Su ƙyanƙyashe wanda suka ɗauka, su yi renon 'ya'yan, sa'an nan su sake su cikin daji. Sannu ba ta hana zuwa: shahon nan ya kai ɗaruruwa. Haka kuma aka ceto wata tantabarar daji mai launin ruwan hoda, wadda ta ragu zuwa wajen goma a 1990, da wani koren aku mai doguwar wutsiya.

Ranar 15 ga Yuni, 1994, gwamnati ta mai da wurin gandun daji na ƙasa, na farko a tsibirin. Wanda ya je yau zai iya shiga ta mashigar Pétrin, ya tsaya ya kalli ruwan Alexandra yana gangarowa daga kan dutse, ko ya hau tsauni mafi tsawo a tsibirin, mai mita 828. A hanya zai ga waɗansu wurare kewaye da shingen waya. Shingen yana hana barewa da aladu shiga, a ciki kuwa ma'aikata na tuge wata baƙuwar gwaiba da hannu, domin takan shaƙe itatuwan asali.

Dodo ya tafi, ba mai komo da shi. Shahon da ya rage guda huɗu yana nan yana shawagi bisa kwazazzaban, domin an sami waɗanda suka tsaya masa kafin lokaci ya ƙure. Aikin bai ƙare ba, gama ranar da aka daina ciran gwaibar nan, za ta sake rufe abin da aka ƙwato.